Ruwan da ke sauka lokaci guda: nazarin lamarin wani gari a kwarin Haɗeja

Garin da zan yi magana a kai ba zan kama sunansa ba. Ƙaramin gari ne a jihar Jigawa, ƙasar Haɗeja, irin garuruwan nan da ke zaune tsakanin kogi da jigawa, duk wanda ya san wajejen Auyo, Kafin Hausa, Miga ko Guri zai gane irinsa tun kafin na yi nisa. Abinda za mu bi shine yadda ruwan sama ya canza musu hali, me suka gwada, me ya ƙi, me kuma ya ɗan karɓa.

1972 zuwa 1992: shekarun fari da dam

Garin kashi biyu ne. Akwai tsohon gari a kan tudu inda masallacin Juma'a da gidan dagaci da maƙabarta suke, sai sabuwar unguwa da ta gangaro ƙasa wajen fadama. Sana'a noma ne da su: gero, dawa, wake da riɗi a jigawa, shinkafa a fadama, in ruwa ya fara ja a shiga kamun kifi, makiyaya kuma su sauko da shanu su ci ciyawar da ya bari.

Cikar kogi ba baƙon abu bane a nan, asali ma ita ce arzikin wajen. Duk shekara wajen Agusta zuwa Satumba kogi zai cika ya malala cikin fadama a hankali, ya kwana biyu ya ja, ya bar laka mai kyau. Dattawa sun san iyakar inda yake tsayawa, shi yasa kakanni suka kafa gari a tudu suka bar wa ruwa kwarinsa.

Sai fari ya shigo, na 1972 zuwa 1973, sannan na 1983 zuwa 1984 wanda har yau in tsofaffi suna ba da labarinsa sai kaga jikinsu yayi sanyi. A tsakanin nan aka gama dam ɗin Tiga a 1974 a kan kogin Kano, na Challawa ya biyo baya a 1992, kuma kogunan nan biyu su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Ga ƙarancin ruwan sama, ga dam ya tare wanda ke gangarowa daga saman kogi, sai ruwa ya daina kaiwa inda yake kaiwa. Yaran da suka taso a lokacin kwari busasshe suka sani, da suka isa aure tudu ya cika babu fili, sai suka gangara suka gina a inda kakanninsu ba za su taɓa kwana ba. Asalin sabuwar unguwa kenan, kuma kusan duk ginin ƙasa ne.

Dam ya kawo wani abu da ba wanda ya lura da shi da wuri. A da kogi yana ƙafewa da rani, duk ciyawar ruwa ta mutu. Da aka koma sakin ruwa kaɗan kaɗan duk shekara saboda noman rani da ruwan sha, hanyoyin ruwa suka daina bushewa, kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta samu wajen zama. Tana tare yashi da laka, cikin kogi yana cikewa, hanya tana tsukewa, ga tsuntsayen jan baki suna sheƙa a cikinta su fito su cinye hatsi.

1993 zuwa 2011: ruwa ya dawo, amma ba irin na da ba

Daga shekarun 1990 damina ta fara gyaruwa a duk yankin Sahel, mutane suka yi hamdala. Amma manoma sun riga masana lura cewa akwai abinda ya canza. A da marka ce, ruwa ya yini yana zuba a hankali kwana da kwanaki ƙasa tana sha. Yanzu sai a yi sati biyu ko fiye babu ɗigo, shuka ta fara yaushi, rana guda hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin da ƙura a gabansa, cikin awa biyu ya sauke abinda a da sai a yi makonni ana samu. Kamar bambancin wanda ya yayyafa wa daɓe ruwa da buta ne da wanda ya kwara masa bokiti, ruwan zai iya zama daidai amma na biyun gudu zai yi.

Binciken masana ya zo ya tabbatar da haka. A 2017 wata tawaga ƙarƙashin Christopher Taylor na Birtaniya ta fitar da sakamakon duba hotunan tauraron ɗan adam na shekara 35, suka ga cewa manya manyan haduran Sahel, irin mafi tsananin nan, yawan aukuwarsu ya ninka sau uku daga 1982. Kuma irin waɗannan haduran masu tafiya daga gabas zuwa yamma su ne ke kawo mafi yawan ruwan da muke samu a damina.

Dalilin da suka bayar ba mai wuyar ganewa bane. Hamadar Sahara tana ƙara zafi da sauri fiye da ƙasashen da ke kudu da ita, bambancin zafin nan yana ƙara wa iskar da ke kaɗawa can sama daga gabas ƙarfi, a ƙasa kuma iska mai danshi tana tahowa daga teku ta kudu maso yamma, toh in bambancin gudun ta sama da ta ƙasa ya ƙaru sai hadari ya haɗu sosai, yayi tsawo, ya daɗe bai watse ba. Ga kuma wata ƙa'ida da aka daɗe da sani, duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi tana iya ɗaukar ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100, abinda ta ɗauka kuwa dole wata rana ta sauke shi.

A ƙasa ma an samu canji. Itatuwa sun ragu, gonaki sun ci daji, ƙasar da rana ta gasa ta yi tauri ba ta shan ruwa da sauri. A garin namu a shekarun nan ruwa yakan shiga gonakin bakin kogi ya ci wasu, wani lokaci ya leƙo bayan gidajen ƙarshe na sabuwar unguwa ya koma. Ba a ɗauki wani mataki ba.

2012: karo na farko da ya shiga gida

Ambaliyar 2012 ta game Najeriya, alƙaluman hukuma sun ce mutum 363 suka rasu, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu. A garin nan ruwa ya shiga sabuwar unguwa da dare bayan kogi ya riga ya cika sai ga wani ruwan sama mai ƙarfi a kai. Bai wuce gwiwa ba a yawancin gidaje, amma ginin ƙasa ba sai ruwa ya kai wuya yake faɗuwa ba, in ya kwana biyu a gindin katanga yana jiƙa ta, sai dai kaji rugum. Mata da yara suka koma makarantar firamare da gidajen 'yan uwa a tudu. Rumbunan da ke ƙasa suka jiƙe, shinkafar bakin kogi ta tafi.

Tallafi ya zo, buhunan abinci, tabarmi, gidan sauro, wasu suka samu kwano. Da ruwa ya ja kowa ya koma filinsa ya kwaɓa ƙasa ya sake gini a daidai inda na da ya faɗi. Fahimtar da aka yi wa abin ita ce irin ruwan nan ne da ake gani sau ɗaya a rayuwa, tsofaffi ma suka ce sun taɓa ganin irinsa kafin fari.

2013 zuwa 2019: zamanin jinga

Matakin farko da gari ya ɗauka tare shine jinga. Aka yi gayya, matasa da cebur da kwandon ƙasa da amalanken shanu, aka ja tudun ƙasa tsakanin kogi da sabuwar unguwa, tsayinsa wajen ƙugun mutum, inda ya yi rauni a jera buhunan yashi. Kuɗin buhu karo karo ake yi, 'yan garin da ke Kano da Legas su turo nasu. Duk shekara kafin Agusta a ƙara mata ƙasa.

A shekarun da ruwa ya zo tsaka tsaki ta yi aiki, ba a musu. Har ta sa wasu suka ƙara gina sababbin ɗakuna a bayanta, tunda yanzu ana ganin akwai kariya.

A 2018 aka ga gefenta na biyu. Kogi ya cika ya tsaya a bayan jinga bai tsallako ba, amma ruwan saman da ya sauka a cikin unguwa da wanda ya gangaro daga tudu ya rasa mafita, tunda hanyar da yake bi ya faɗa kogi ita aka toshe. Unguwa ta zama tafki ta ciki. Aka ɗauko injinan ban ruwa ana zuƙewa ana watsawa waje, inji yana cire kaɗan hadari na gaba yana mayar da ninkinsa. Sannan ga rigima da maƙwabtan gari na ɗaya gefen, su suna ganin jingar nan ce ke turo musu ruwa, har sai da magana ta kai gaban hakimi. Kuma gaskiya suna da hujja, ruwan da ka hana shi nan wani wajen zai nema.

A shekarun nan ne kuma iskar farkon damina ta fara zama abin tsoro. Mayu zuwa Yuni hadari zai taso da guguwa a gaba, ta yaye kwano ta jefar a gona, ta karya turakun wuta. A Yunin 2018 irinta ta yi mummunar ɓarna a cikin garin Bauchi har da rasa rayuka. A garin namu ajujuwan firamare ne suka fara rasa rufi, wato wajen da ake gudu a fake in ruwa ya zo. Nan maganin bai yi wuya ba, magina suka koma ɗaure katakon rufi da waya ko rodi a jikin gini, a ja bulo ya rufe bakin kwano ta yadda iska ba za ta samu shiga ƙarƙashi ba, aka kuma dasa darbejiya ta gabas. Gidajen da aka yi wa haka rufinsu ya daina tashi.

2020: jinga ta ɓalle

Daminar 2020 ta yi nauyi a duk yankin. A Yamai kogin Kwara ya kai santimita 700 a watan Satumba, abinda ba a taɓa aunawa ba a wajen, a Kebbi shinkafa ta nutse ba iyaka, a cikin garin Haɗeja kuwa matasa kwana suke a bakin jinga suna cika buhu.

A garin nan jinga ta yi makonni tana shan ruwa ta waje, ƙasar ta jiƙe har ciki, ga ramukan gafiya da ba a lura da su ba. Ta ɓalle a waje ɗaya. Ruwan da a 2012 ya shigo a hankali har mutum ya samu ya kwashe kaya ya kora awaki, wannan karon da ƙarfi ya shigo saboda an tara shi a sama da unguwa. Ya kai ƙirji a gidajen ƙarshe. Da kwalekwale aka fitar da tsofaffi.

Shinkafa lokacin ta yi ciki tana shirin fitar da kai, matakin da manomi ya riga ya zuba duk abinda yake da shi, taki, maganin feshi, kuɗin noma. Da yawa kuma bashi suka ci, wasu na shirin Anchor Borrowers na Babban Bankin Najeriya, wasu na 'yan kasuwa da za a biya da buhu in an yi girbi. Ba girbi, bashi yana nan. A ranin da ya biyo baya samari da yawa suka tafi ci rani, wasu aka sayar da shanun huɗa.

2021: gwajin iri da sammakon shuka

Bayan wannan sai hankali ya koma gona. Malamin gona ya kawo maganar irin shinkafa mai jure nutsewa, FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka fitar a Najeriya a 2017, suna iya kai wajen sati biyu a ƙarƙashin ruwa su farfaɗo. Mutane kaɗan ne suka samu, yawanci suka ci gaba da FARO 44 da suka saba da ita kuma 'yan kasuwa suka sani.

Wasu kuma suka ce toh a yi sammako, a shuka da ruwan farko don a girbe kafin kogi ya cika. Nan ɗaya fuskar sabon yanayin ta kama su, ruwan farko ya sauka da ƙarfi aka yi shuka, sai ya ɗauke, tsiro ya ƙone, aka sake sayen iri. Wanda ya sake shuka ya dawo daidai lokacin da yake gudu.

2022: shekarar da ta fi kowacce

A 2022 sama da mutum 600 suka rasu a faɗin Najeriya, sama da miliyan 1 suka rasa matsuguni, Jigawa kuma tana cikin jihohin da abin ya fara da su ya kuma fi yi wa illa. Hanyoyin mota suka yanke, garuruwa da dama sai da jirgi ake shiga.

A garin nan an gyara jinga an ƙara mata tsayi bayan 2020, wannan karon ba ɓallewa ta yi ba, ruwa ne ya bi ta kanta ya kuma zagayo ta inda ta ƙare. Babban abin shine bai tafi ba. Ya fi wata guda a kwance, saboda hanyar da zai bi ya wuce gaba kachala da yashi sun cike ta. Irin nan mai jure nutsewa ya yi iya sati biyunsa ya ruɓe tare da sauran. Ruwa ya hau har gonakin jigawa da ba a taɓa jin ya je ba, gero yana tsaye a ruwa. Rijiyoyi suka haɗu da masai, amai da gudawa ya ɓulla, zazzaɓin sauro kuwa kusan kowane gida. An rasa rayuka, har da yara da gini ya faɗa wa.

A bakin mutane maganar ɗaya ce, an sako dam. Yadda abin yake shine in Tiga ya cika ruwan da kansa yake bi ta mafitar da aka yi masa, kuma abinda ke cika shi ruwan saman da ya sauka a ƙasar Kano ne da kewaye. A watan Nuwamba na shekarar ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta fitar da nazarinta, ta ce ruwan daminar 2022 a yankin tafkin Chadi, inda kogin Haɗeja ke ƙarewa ta kogin Komadugu Yobe, sauyin yanayi ya ninka yiwuwar samun irinsa kusan sau 80, ya kuma ƙara masa yawa da kusan kashi 20 cikin 100.

Ƙarshen 2022 zuwa 2023: canza lissafi

Zaman da aka yi a ƙofar gidan dagaci bayan ruwa ya ja ya bambanta da na baya, don ba wanda ya sake kawo maganar sau ɗaya a rayuwa, an gani a 2012, 2018, 2020, ga 2022.

Abu na farko da aka sa a gaba buɗe wa ruwa hanya ne. Gayyar da a da ake yi wa jinga aka karkatar da rabinta zuwa yankan kachala, kuma aka yi da maƙwabtan nan da ake rigima da su, tunda toshewar tana gaban garuruwan biyu ne. Aiki ne mai wahala wallahi, mutum yana cikin ruwa har ƙirji da lauje, ga matsattsaku ga macizai, kuma sai an yanke ta ƙasan ruwa in ba haka ba sati kaɗan ta dawo. Gwamnatin jiha ma ta sayo injinan nan masu aiki a kan ruwa don yashe kogi da cire kachala, su suka yi manyan wuraren da hannu ba zai iya ba. Jinga ba a watsar da ita ba, amma an sa mata bututu mai murfi a wajen da ruwan unguwa ke taruwa, in kogi ya sauka a buɗe, in ya hau a rufe.

Na biyu, kuma shine ya fi taɓa aljihu, manoman fadama suka mayar da babban nomansu rani. A fadamar nan ruwa yana kusa, a haƙa 'yar rijiyar bututu a sa inji ya wadatar, ambaliyar ma ta ƙara cika ƙasa da ruwa. Sai ya zama alkama daga Nuwamba zuwa Maris, shinkafar rani kuma a yi dashe wajen Fabrairu zuwa Maris a girbe Mayu zuwa Yuni, kafin kogi ya motsa hatsi yana ɗaki. Ta damina ba a daina ba, amma an daina zuba mata jari da bashi, in ta tsira riba ce in ta tafi ba ta tafi da gida ba.

Nan ma an ci karo da cikas. A 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce haka nesa, injin ban ruwa kuwa fetur yake sha. Wasu suka mayar da injinansu na gas ɗin girki, masu ɗan hali suka sayi famfon sola, wasu mutum uku huɗu su haɗa kuɗi su sayi ɗaya suna karɓa karɓa. Alkama ma tana da nata sharaɗin, sanyi take so, in ruwa ya makara bai ja daga gona ba aka yi shuka a makare toh zafin Maris zai same ta tana zuba ido, amfanin ya ragu. Waɗanda gonarsu ke can cikin kwari sun gamu da wannan a shekarar farko, daga baya suka bar alkama suka tsaya a shinkafa da kayan lambu.

Maganar tashi daga sabuwar unguwa ita ta fi wuya. Filin tudu gonakin mutane ne, ba wanda zai bayar kyauta. Wasu magidanta suka saya ko suka yi musaya da gonar fadama suka koma sama. Wasu suka zauna amma suka tayar da harsashin gini da bulo da siminti zuwa wajen ƙugu sannan suka ɗora ƙasa a kai. Waɗanda ba su da ko ɗaya aka yi yarjejeniya da 'yan uwansu na tudu, hatsi da iri da takardu a kai sama tun Yuli, mata masu ciki da tsofaffi da ƙananan yara su ma su hau in an ga alama.

Alamar kuma aka daina jiran a gan ta da ido. Ruwan da ya wuce Wudil yana ɗaukar kwanaki kafin ya iso ƙasar Haɗeja, don haka aka samu masunta da direbobi 'yan gari da ke da mutane a Wudil da Ringim, in kogi ya hau can a bugo waya. Aka kafa turke a bakin ruwa da zane uku, in ya taɓa na biyu mai shela ya zaga, in ya taɓa na uku ba mai kwana a ƙasa. Hasashen NiMet, hukumar yanayi ta ƙasa, da na hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna, da ake karantawa a rediyo shi ma aka fara saurarensa da gaske, malaman makaranta suna turawa a WhatsApp.

Daminar 2023 ta zo da sauƙi, don haka ba ta gwada komai ba.

2024: gwajin gaske

2024 ta gwada. A ƙarshen Agusta ruwa kamar da bakin ƙwarya ya sauka a Maraɗi cikin ɗan lokaci ya kashe mutane, a farkon Satumba tsohon masallacin Damagaram na ƙasa ya rushe, a 10 ga Satumba dam ɗin Alau ya ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri. A Nijar sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Jigawa ma tun Agusta gidaje ke faɗuwa.

A garin nan waya ta zo daga garuruwan saman kogi kwanaki kafin ruwa, ya taɓa zane na biyu aka yi shela, kafin ya kai na uku sabuwar unguwa ba kowa sai maza masu gadi. Ruwa ya shiga, ya ci shinkafar damina ta bakin kogi, ya kayar da ɗakunan ƙasa da ba a yi wa harsashin bulo ba. Masu harsashi sun tsaya. Ruwan bai yi zaman 2022 ba, ya samu hanya ya wuce cikin kwanaki. Ba a rasa rai ba. Yawancin gidajen da suka yi noman rani suna da shinkafar Yuni a ɗaki, ba su sayar da dabba don cin abinci ba. Zazzaɓi dai ya yi yawa kamar kullum, kuma gidajen da ba su da gonar fadama ko kuɗin inji sun shiga rani hannu wofi.

Hukunci

A ganina abubuwa uku ne suka haɗu a kan garin nan: hadari ya ƙara ƙarfi, kogi ya tsuke, mutane kuma sun gina a hanyar ruwa a shekarun da ruwan ya yi ƙaura. Wanda ya ce duk laifin sauyin yanayi ne ya bar kachala da sabuwar unguwa a baya, wanda kuma ya ce dam ne kawai bai bayyana me yasa Maraɗi da Damagaram da ba sa ƙarƙashin Tiga suke nutsewa a mako guda ba.

Jinga ita kaɗai ta gaza ne saboda an auna ta da ruwan jiya, kuma ta sa mutane sun saki jiki sun ƙara gini a bayanta. Sabon iri ba shi da laifi, an yi shi don ruwan sati biyu aka haɗa shi da na wata guda. Sammakon shuka ya faɗi saboda farkon damina yanzu ba abin dogaro bane. Abubuwan da suka yi aiki duk ba su dogara da a ce ruwa zai zo daidai misali ba, an kwashe abinci da mutane daga gabansa an kuma buɗe masa inda zai wuce. Kuma mafi arha a cikinsu, wayar nan da turke mai zane, ita ta fi tsare rai.

Abinda ke damuna shine nasarar ta fi zuwa wa mai gonar fadama da mai kuɗin sola. Zawarawa da 'yan ƙwadago har yanzu suna ɗakin ƙasa a kwari, maganar samar musu fili a tudu tana gaban hakimi ba a gama ba, kuma ba abu bane da karo karon gari zai iya, sai ƙaramar hukuma ko jiha ta biya diyyar gonakin. Kachalar da aka yanke ma tana sake tsirowa, in aka tsallake rani ɗaya ba a shiga ba hanyar za ta koma yadda take a 2022.